Bindigar da Aka Ce Ta Tashi

Ranar da aka kai Tahiru makwancinsa, kafin masu jana'iza su gama kakkaɓe ƙasar ƙafafunsu, garin ya riga ya sami labarin da zai riƙe: bindiga ce ta tashi. Wai yana goge ta ne a ɗakinsa da hantsi, kunamar ta suɓuce. Ɗanmalam ne ya fara faɗar haka, ƙanin mahaifin mamacin kuma shugaban 'yan sa-kai na garin. A ƙofar gida ya faɗa, da ƙarfi, yadda matan cikin gida za su ji su haddace. Jandarmomi suka zo daga Gidan Rumji, suka leƙa ɗakin, suka sha ruwa, suka rubuta abin da aka gaya musu, suka ta da motarsu.

Kande, uwar Tahiru, tana kan tabarma a tsakar gida tana karɓar gaisuwa, tana jin yadda labarin yake ƙara ƙiba daga baki zuwa baki. Wata ta ce ai tun bara mijinta yake faɗin kunamar bindigar nan ta yi sako-sako. Wata ta rantse an tarar da tsumman goge-gogen a hannunsa. Zulai mai ƙosai kuwa, wadda ba a taɓa yin abu a garin nan ba ta ce a gabanta aka yi ba, cewa ta yi da safen ta jiyo shi ta bayan darni yana 'yar waƙa. Waƙa! Mutumin da tun da aka yanke gero ba wanda ya ga haƙorinsa. Kande ta riƙa cewa "Allah shi ba da lada." Babu wani tsumma a ɗakin nan. Ita ce ta biyu da ta shiga, bayan ƙaramin ɗanta Auta, kuma abin da ta gani bai bar mata wurin shakka ba. Su ma masu gaisuwar sun sani. Ana ganewa daga yadda kowace take gama ƙaryarta ta yi maza ta sunkuyar da kai.

Ba wai Kande ta ƙi bindiga tun farko ba ne. Shekarar da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyukan yankin, suka kore shanun maƙwabcinsu Tanimu har da na huɗa, suka tafi da surukarsa, ita ma tsoro ya hana ta sakat. Da maza suka zauna suka yanke cewa duk gidan da ke da baligi sai ya ajiye bindiga, ya kuma ba da mutum ɗaya a sintiri, ba ta ga laifinsu ba. Aka yi ta tururuwa zuwa Cadakori wurin Sharifu maƙeri, wanda da can fartanya da lauje yake ƙerawa, ya wayi gari ya fi mai gari jama'a. Ɓarayin sun ɗan ja da baya, wannan gaskiya ne. Abin da ba wanda ya zauna ya tambaya shi ne a ɗakin wa za a rataye abin, da halin da mai ɗakin yake ciki.

Ita ta san ɗanta. Tun yana saurayi abin yakan zo masa ya tafi kamar zazzaɓin damina: ya daina magana, ya daina cin abinci, ya zauna yana kallon wuri ɗaya. Kafin ya yi aure, a irin wannan hali, ya taɓa shan maganin ƙwari. Aka ɗora shi a amalanken shanu aka nufi likita, tafiya mai nisa cikin yashi, amma aka isa da shi da sauran numfashi, majo, babban ma'aikacin asibitin, ya yi abin da zai yi, ya tashi. Wancan ma suna aka ba shi, aka ce ciwon ciki ne. Bayan ya warke ya gaya mata, kansa a ƙasa, cewa tun a kan amalanken ya fara roƙon Allah kada ya mutu. Ya rayu bayan nan. Ya auri Hafiza, suka haifi Saliha da Hafizu, ya yi noma, ya yi dariya, ya yi cacar baki da maƙwabta a kan iyakar gona kamar kowa. Abin ya sha dawo masa, ya kuma sha wucewa. Kande ta koyi kwashe maganin feshi ta ɓoye a ɗakinta da zarar ta ga alama. Amma bindigar da gari ya ɗora wa mutum ba ta ɓoyuwa a ƙarƙashin gadon tsohuwa, kuma wannan karon babu abin da za a ɗora a amalanke a yi gudu da shi. Lokacin da ta ji ƙarar, ko takalmi ba ta gama sawa ba aka ce ya cika.

Yanzu Auta ne abin dubawa. Sunansa na yanka Abdurrahaman, ɗan kabu-kabu ne, mai surutu da tsokana, irin wanda ko ya zuba fasinja a yashi sai fasinjan ya tashi yana dariya. Tun ranar bai sake taɓa babur ɗinsa ba. Yakan zauna a inuwar rumbu, kwanon tuwo ya je ya dawo yadda yake. Ba ya kuka, ba ya zuwa majalisar abokansa. Ran nan ta kai masa fura ta tsaya a kansa sai ya sha, ya ɗago ya ce, "Inna, shi dai ya huta." A hankali ya faɗa, ba da baƙin ciki ba, da wata irin sha'awa. Kande ta ƙura masa ido. Ta san wannan zama, ta san wannan kallo.

A bakin Zulai ta ji sauran labarin. An kai bindigar can Cadakori gyara, kuma ranar sadakar arba'in za a damƙa wa Auta ita, ya gaji yayansa a sintiri.

Bayan la'asar ta yafa mayafi ta sami Ɗanmalam a zaurensa, yana zaune a kan buzu yana jan carbi.

Ta ce, "Ɗanmalam, mi za a gyara ma bindigar ga?"

Ya ce, "Kunamar mana, Yaya Kande. Ba ita ta tashi ba?"

Ta tsaya tana kallonsa. Mutum da furfura a gemu, da tabon sallah a goshi, yana kallon ta ido cikin ido yana faɗa mata wannan.

"Ni kaka gaya ma haka? Ni da kai munka tsaya cikin ɗakin nan."

Ya leƙa waje, ya rage murya. "Ki rufa muna asiri, Yaya. Abin da anka rufe an rufe. So kike a ce ɗan gidanmu ya mutu kahiri? So kike Saliha ta girma a rasa mai zuwa neman aurenta? Don ku na yi."

"To ka yi, na gode. Amma kada ta dawo mani gida. Auta ba shi da lahiya."

"Mi ya same shi? Zaman banza ne. Shi riƙa bindiga, shi shiga cikin maza, zuciyarshi ta yi ƙarhi. In kuma na ce gidanku ban da bindiga, mi zan ce ma mutane? Tunda tsautsayi ne, an gyara, magana ta ƙare. In na tsame gida guda yau, gobe kowa shi zo mani da nashi uzuri."

Nan ta ga inda aka ɗaure ta. Tunda an ce laifin ƙarfe ne, to ƙarfe an kai shi ga maƙeri, ba sauran abin tsoro. Ƙaryar da aka yi don a rufa wa gidan asiri ita ce za ta riƙo hannun bindigar ta dawo da ita cikin gidan. A hanyar komawa ta yi tunanin idan an kawo ta ta faki ido ta jefa ta tsohuwar rijiya. Tunanin bai kai ta ƙofar gida ba. Gari zai sa su nemo wata, Sharifu kuwa ba ya rasa ƙarfe.

Ranar kasuwar Cadakori ta ɗauki ƙuli-ƙulinta ta hau motar kasuwa, ba don ciniki ba. Maƙerar Sharifu tana bayan 'yan awaki. A gaba ya baza fartanyu da wuƙaƙe, ainihin sana'ar kuwa tana bayan zana. Da ta faɗa masa ko ita wace ce, ya yi mata ta'aziyya mai tsawo, sannan ya shiga ya fito da abin a naɗe cikin buhu, ya warware a gabanta yana murmushi kamar mai nuna wa uwar amarya kayan ɗaki. Bindigar ta sha mai tana ƙyalli. Ya naɗe gindinta da jar fata sabuwa, ya kuma ɗaura mata 'yar laya.

Ta ce, "Wannan fa?"

"Ta tsarin tsautsayi ce, Iya. Kyauta na sa."

"Mi ka iske ya lalace?"

Ya yi 'yar dariya yana sosa ƙeya. "Iya, ni an ce in gyara, na gyara. Ƙirata ba ta tashi ita kaɗai, kowa ya sani. Amma tunda mutanenku sun ce ta tashi, wane ni in ce ba ta tashi ba?"

Ta roƙe shi, ita da ta haifi kamarsa. Ta ce idan Ɗanmalam ya zo ɗauka ya ce masa ba ta gyaruwa, ya riƙe ta, ya narkar da ita, ya yi lauje da ita. Fara'ar Sharifu ta ɗauke.

"In ce ƙirata ta lalace har ba ta gyaruwa? Wa zai sake zuwa wurina? Da ma maganar ga ta ɓata mani suna, har wasu sun fara tahiya wurin maƙerin Tibiri. Ki yi haƙuri, Iya, ni ma iyali gare ni."

Ta fito ta tofar da yawu a bakin maƙerar, a gabansa, ba ta ko waiwaya ba. Ƙuli-ƙulin a kanta ya koma gida.

Saura Malam Tsoho, limamin garin, wanda ya sallaci gawar. Ta shiga ta wurin matarsa, aka kira shi, ta durƙusa daga nesa suka gaisa. Ta ce tambaya ta kawo: idan mutum ya kashe kansa, ana yi masa sallah?

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ana yi, Kande. Musulmi ne. Laifin babba ne, amma hukuncinshi na wurin Allah, wanda ya san abin da ke cikin kan bawanshi."

"Ka san haka ranar?"

"Na sani."

"Kuma ka ƙyale su suka yi ta ƙarya a kan gawa?"

"Ba a tambaye ni ba. Kuma ba a son fitina a gidan mutuwa."

Ashe duk wannan rufa-rufar ko don sallar ma ba a buƙace ta ba. Ta roƙe shi ya yi wa Ɗanmalam magana a kan Auta. Ya ce sha'anin sintiri ba nasa ba ne, amma zai yi wa yaron rubutu ya sha. Ta karɓi rubutun, don ba ta raina shi ba, ta kuma ba Auta ya sha. Amma ta fito gidan limamin da ɗaci a bakinta wanda ko goro bai kawar ba.

Ta san abin da ya rage, ta kuma san wanda zai biya. Hafiza tana ɗaki tana takaba, 'ya'yanta biyu a jikinta. Kande takan jiyo ta tana maimaita musu cewa babansu yana gyaran bindigar tsaron gari ne ta tashi, mutumin kirki ne, jarumi ne. Saliha ta koma lakol, makarantar boko, malamai suna lallaɓa ta, 'yan ajinsu suna raba mata abin da suka zo da shi. Wata rana Kande ta zauna a bakin ɗakin ta fara kewaye-kewaye da maganar. Hafiza ba ta bari ta kai ƙarshe ba.

"Inna, don Allah ki bar shi yadda anka ce. Ba ni da abin da zan ba su sai shi."

Kande ta tashi ta bar ta, don yarinyar ba ƙarya ta yi ba.

Ranar sadakar arba'in aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida tun da safe. Maza suka cika wurin, aka yi addu'a, aka raba waina da goro. Kande tana cikin zaure ta bayan asabari tana kallo. Da aka shafa, Ɗanmalam ya miƙe ya gyara murya. Ya yi magana a kan tsaron gari, a kan marigayin da ya rasu da makaminsa a hannu, a kan cewa gidan yayansa bai taɓa zama baya ba. Aka yi ta gyaɗa kai. Sannan ya warware buhun, jar fatar nan ta fito fili, wani ya ce kai, Sharifu ya iya aiki. Ya kira Abdurrahaman.

Auta ya taso daga gefen katanga, rigarsa tana yawo a jikinsa don rama. Ya miƙa hannu biyu. Kande ba hannun ta kalla ba, fuskarsa ta kalla. Tun ranar da ya shiga ɗakin yayansa fuskar nan a ɗaure take, yau ga ta ta saki, kamar mai ƙishirwa ya hango randa.

Ta ɗaga asabarin ta fita. Mace ba ta taka tabarmar maza a wurin addu'a, ta taka. Kuma a garin nan uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗar sunan ba, "yaron nan" take cewa, daga baya ta koma "yayan Auta", ko da aka fita da gawarsa kunya ba ta bar ta ta kira shi ba. Shi ya sa da sunan ya fito daga bakinta, wurin ya yi tsit tun kafin ta faɗi sauran.

"Tahiru," ta ce. "Tahiru ɗana shi ya kashe kanshi, da hannunshi. Bindigar ga lahiyarta lau, ba ta tashi ba, kuma duk wanda ke zaune nan ya sani. Wanga da kuke miƙa ma ita, da bakinshi ya ce mani ɗan'uwanshi ya huta. In kun ba shi, ku bar tabarmin ga a shimfiɗe, don za ku dawo."

Aka ɗauki salati. Wani ya ce baƙin ciki ne ya taɓa ta, wani ya ce tsufa ne, wani ya ce a kira mata su shigar da ita. Ba wanda ya ce ƙarya take yi. Suka fara miƙewa ɗaya-ɗaya suna laluben takalma, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Kande tana tsaye tana kallonsu, ta lura cewa duk cikinsu ba wanda ya manta da ƙunshin wainarsa. Malam Tsoho kaɗai bai tashi ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Allah shi gafarta ma Tahiru, Allah shi yi mashi rahama." Mutum biyu ko uku suka amsa da amin a ciki-ciki.

Ɗanmalam ya fizge bindigar daga hannun Auta, ya cusa ta cikin buhu.

"Gidan da mata ke hitowa su tona asirin matattu ba shi riƙe bindigar gari. Daga yau na cire ku. Ki je ki tsare gidanki da muciya."

Shi a ganinsa horo ne ya yi mata. Ya saɓa buhun ya wuce, ta bi shi da kallo har ya sha kwanar masallaci. Auta ya tsaya da hannuwansa a buɗe yadda aka bar su. Can sai ya zube a kan tabarma ya fasa kuka, irin kukan yaro, da majina da shessheƙa, yana kiran sunan yayansa. Malam Tsoho ya matso ya dafa kafaɗarsa. Kande ba ta hana shi kukan ba. Ta ƙudura a ranta gobe da safe za ta sa shi gaba su je likita, ta faɗa wa majo komai da sunansa, ba ciwon ciki ba.

Da ta koma cikin gida, matan da suka zo aikin waina sun yi cirko-cirko a tsakar gida. Zulai ta riga ta sulale ta ƙofar baya, kaskon ma ba ta tsaya ɗauka ba. Kafin azahar ba gidan da maganar ba za ta shiga ba.

Hafiza tana tsaye a bakin ɗakinta cikin kayan takaba, Hafizu a kafaɗarta. Saliha ta riƙe mata gefen zane, ba kuka take yi ba, kakarta kawai take kallo. Ta isa ta gane abin da ta ji, kuma gobe akwai lakol.

Hafiza ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Inna, kin tsamo naki. Nawa fa?"

Kande ta matso kusa da su. Ta miƙa wa Saliha hannu. Yarinyar ta ja da baya, ta shige bayan uwarta.